Inda ƙafa take tsayawa: sharhi kan awon firam na keken tirayal

Ɗan ƙanina yana da keken wasan tirayal, wanda babu sirdi a kansa. Firam ɗin ya yi ƙasa kamar an danne shi, kan keken ya miƙe gaba ya ɗaga sama, tayar baya kuma ta fi ta gaba kauri. Da yammacin wata Asabar na bi shi zuwa gindin duwatsun Shere, a gabashin Jos, na tsaya ina kallo ya ɗaga tayar gaba, ya tsaya a kan ta baya kaɗai, ya yi ɗan tsalle uku a wuri guda kamar mai gwada ƙarfin ƙasa, sannan ya harbi feda sau ɗaya, sai ga shi a kan wani dutse da ya kai masa ƙugu, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Abokinsa, wanda bai gaza shi ƙarfi ko naci ba, ya gwada tsayuwar nan a kan keken hawan tsauni irin na gwanjo, ya yi ta fama har hannayensa suka mutu, tayar gaba tana faɗowa kafin a ƙirga biyu. Da suka yi musanyar kekunan, sai abokin ya tsaya a tayar baya har ya yi tsalle huɗu, abin da bai taɓa yi ba, shi kuwa ɗan ƙanin nawa ya koma yana kokawa da ƙarfe kamar sabon shiga. Na shafe shekaru ina koyar da zanen aikin ƙarfe, kuma wannan musanyar ce ta ja hankalina, domin ta nuna mini cewa wani kaso na abin da masu kallo suke kira gwaninta yana zaune ne a cikin awon keken, tun kafin mahayi ya ɗora ƙafa.

A wasan tirayal ba gudu ake nema ba. Mahayi yana bin gajeriyar hanya da aka shata a kan duwatsu, gungumen itace ko tubalan siminti, kuma duk lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙasa an rubuta masa laifi. A gasar da hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, take shiryawa, minti biyu ake ba shi a kowane sashe na hanyar, laifi biyar kuma ya ƙare masa sashen. Wasan ya fito ne daga irinsa na babur. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya, a ƙarshen shekarun 1970, Pere Pi, tsohon gwanin tirayal na babur da ke aiki a kamfanin babura na Montesa, ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ƙaramin keke mai taya inci 20 domin ya koyi wasan. Daga wannan aikin aka samu kamfanin Monty a 1983, Ot Pi kuma ya zama zakaran duniya sau da dama. A yau ana gasa da taya inci 20 da kuma inci 26, sai mai inci 24 wanda ya fi karɓuwa wurin masu wasa a titunan gari.

Idan ana maganar awon firam, ana nufin tsawo da kusurwoyin da ke tsakanin wurare huɗu: cibiyar tayar baya, gidan feda, wato bututun da sandar feda ke juyawa a cikinsa, wuyan firam inda fok, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe tayar gaba, ke shiga, da cibiyar tayar gaba. A keken da muka saba da shi akwai wuri na biyar, sirdi, kuma shi ne uban tafiya, domin yawancin nauyin mahayi a kansa yake sauka. Mai tirayal kuwa a tsaye yake daga farko har ƙarshe. Nauyinsa kusan duka ta tafin ƙafarsa yake shiga keken, kuma kaso mai yawa na aikinsa a kan tayar baya kaɗai yake yinsa. Saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce, ina ƙafar mahayi take tsayawa idan an kwatanta da cibiyar tayar baya? Lambobi biyu ne suke amsa wannan tambaya, kuma a ganina sauran lambobin firam ɗin duk biyayya suke yi wa waɗannan biyun.

Na farko shi ne tazarar baya, wato nisan da ke tsakanin gidan feda da cibiyar tayar baya. A tsohon keken Raleigh ko Phoenix da ake ɗora wa buhu a kariya, tazarar doguwa ce da gangan, domin kaya su zauna, keke kuma kada ya ɗaga kai a kan hawa. Keken hawan tsauni yakan samu milimita 430 zuwa 450. Keken tirayal mai taya inci 26 yana da wajen 380, mai inci 20 kuma daga 350 zuwa 365, tayar tana gab da gogar gidan feda. Dalilin haka, duk mai tura baro a kasuwar Farin Gada ya san shi ko da bai taɓa jin sunan tirayal ba. Idan zai ɗora buhun dankali, can gaba kusa da taya yake tura shi, domin gwargwadon kusancin kaya da taya gwargwadon sauƙin da hannu zai samu wajen ɗagawa. A keke, tayar baya ce tayar baron, mahayi shi ne buhun, gaban keken kuma shi ake son ɗagawa. Mu ɗauki mahayi mai kilo 70 yana tsaye a kan feda, a keken da ke da milimita 1,085 tsakanin cibiyoyin tayoyinsa. Idan gidan feda yana milimita 375 gaban cibiyar baya, tayar gaba tana ɗauke da kilo 24 na nauyinsa. Idan yana milimita 438, sai ta ɗauki kilo 28. Kilo huɗu ba wani abu ba ne a ido, amma mai wasan yana ɗaga gaban nan sau ɗaruruwa a yini guda, sau da yawa daga tsaye cak, babu gudun da zai taimaka masa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Idan tazarar ta gajarce fiye da kima, keken yakan zama mai zafin kai, gaba ya tashi da ɗan ja kaɗan ya zarce, mahayi ya tsinci kansa a rigingine. Wadda ta ɗan fi tsawo tana da nauyin ɗagawa, amma idan an hau tayar baya ta fi natsuwa, kuma ta fi yafe wa mutum kuskure lokacin da ya dira a bakin dutse bayan ya tsallaka rami. Shi ya sa masu wasan suke jayayya a kan milimita biyar, tazarar da ba ta kai faɗin ƙwayar wake ba. A firam ɗin da ake ja da tayar baya domin ɗaure sarƙa ma, yawan haƙoran giyar da aka zaɓa yana ƙara ko rage waɗannan milimitoci ba tare da mai keken ya lura ba.

Lamba ta biyu ta fi ta farko ban mamaki, kuma ita ce ta raba keken tirayal da kusan kowane keke a duniya. A ɗaura zare daga cibiyar tayar gaba zuwa cibiyar ta baya. A keken tsere na kwalta, gidan feda yana ƙasa da zaren da wajen milimita 70. A keken hawan tsauni ma a ƙasa yake. An yi haka ne domin mahayi ya zauna a tsakanin tayoyi, nauyinsa yana ƙasa, keke ya kama hanya a kwana da gangara. A keken tirayal kuwa gidan feda yana saman zaren. Kekunan inci 26 na shekarun 1990, waɗanda yawancinsu ƙananan kekunan hawan tsauni ne da aka gyara, gidan fedarsu yana daidai da zaren ko kusa da shi. Daga shekarun 2000 kamfanoni irin su Koxx na Faransa da Echo na Sin suka riƙa ɗaga shi kaɗan-kaɗan, har a yau keken gasa mai inci 26 yakan tashi milimita 50 zuwa 70 sama da zaren, mai inci 20 kuma 70 zuwa 90.

Amfanin da kowa ke fara gani shi ne sarari a ƙarƙashi. Taya inci 26 mai kauri tana ɗaga cibiyarta wajen milimita 340 daga ƙasa, don haka tashin milimita 60 yana kai gidan feda 400, alhali a keken da ya sauka da 40 yana kan 300 ne. Idan tayar gaba ta haye ƙoƙon dutse ta baya ba ta iso ba, wannan sararin ne yake hana farantin sarƙa da feda su daki dutsen. Amma babban amfanin yana bayyana ne lokacin da keken ya miƙe a kan tayar baya, kuma a nan ya dace mai karatu ya bi ni da fensir. A zana cibiyar tayar baya, a ja layi zuwa gidan feda. A firam mai tazarar baya 380 da tashi 60, layin nan ya riga ya ɗaga da digiri 9 tun keken yana kan tayoyi biyu. A firam mai tazara 440 da ya sauka 40, layin ya sunkuya da digiri 5. To, a ɗaga gaban kowannensu da digiri 50, kamar yadda mahayi yake yi idan zai tsaya a tayar baya. A na farko ƙafar mahayi za ta kasance milimita 195 gaban cibiyar tayar, a na biyu kuwa 312. Bambancin ya kusa santimita 12, kuma tun da dole ne nauyin mutum da na keke su daidaita a saman inda taya ta taɓa ƙasa, duk nisan da ƙafa ta yi gaba sai ƙugu ya rama shi ta hanyar komawa baya, hannaye kuma su ɗauki nauyin jikin da ya rataya. Wannan shi ne abin da ya kashe hannayen abokin nan a Shere. Da na nuna wa ɗan ƙanin nawa zanen a gida, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce: "Baffa, haka yake. A nawa tsayuwa nake yi, a nasa kuwa rataye nake." Wanda yake tsaye a kan ƙafarsa yana da sauran ƙarfi a cinya da zai durƙusa ya yi tsalle, kuma daga wannan tsayuwar ce gwanaye suke yin tsallen gefe su hau abin da ya fi mita ɗaya tsawo. Wanda yake rataye kuwa ƙarfinsa ya ƙare a riƙo.

Abin da aka samu a tayar baya, an biya shi a kan tayoyi biyu. Mutane sukan ce keke mai gidan feda a sama yana da rawar jiki, kuma gaskiya ne, amma ya kamata a gane inda rawar take. Duk wanda ya taɓa ɗora doguwar sanda a tafin hannu ya san ta fi gajera sauƙin riƙewa, don haka tsawo shi kaɗai ba ya hanzarta faɗuwa gefe. Matsalar ta gaba da baya ce. Idan aka ɗaga mahayi sama alhali nisan tayoyi bai canza ba, karkata kaɗan ta isa nauyinsa ya tsallake cibiyar taya, ko ta baya ko ta gaba. Wannan siffar da ta sauƙaƙa masa hawa tayar baya, ita ce dai take jefa shi ta saman kan keke idan yana saukowa daga falalen dutse ya taɓa birkin gaba da ƙarfi. Haka kuma, tun da ƙafa ta ɗaga, kan keken sai ya zama kamar ya yi ƙasa, jiki ya kifa a kan hannaye, ɗage tayar gaba cikin gudu ya yi wuya, tsallake abu da gudu ma ya buƙaci ƙoƙarin da bai kamata ba. Ƙasa kuma ta yi nisa da ƙafa, wanda ga mai koyo ba ƙaramin abin tsoro ba ne. Kan wannan ne nake ganin kuskure a ɗora mai koyo a kan keken gasa mafi tashi don kawai irinsa zakaru ke hawa. Zai yi saurin iya tsalle a tayar baya, amma zai makara wajen iya tsayuwa cak a kan tayoyi biyu da mirgina taya a kan dutse cikin natsuwa, alhali waɗannan su ne harsashin wasan.

Akwai ruɗanin da ya kamata a kawar. Idan mutum ya ga an rubuta tashi 80 ga keke mai inci 20, da 60 ga mai inci 26, zai zaci ƙaramin ya fi tsawo. Ba haka ba ne, domin daga cibiyar taya ake auna tashin, cibiyar ƙaramar taya kuwa tana wajen milimita 255 ne daga ƙasa. Gidan fedarsa yana kan 335, ƙasa da na babban da kusan tsawon yatsa. Amma layin da ya tashi daga cibiyar baya zuwa ƙafa ya fi miƙewa, wajen digiri 13 a tazara 360, shi ya sa ƙaramin keken ya fi sauƙin hawa tayar baya da juyawa a wuri matsattse, babban kuma ya fi shi mirginawa a kan gargada da kaiwa nesa.

Daga nan sai gaban keken. Nisan da ke tsakanin cibiyoyin tayoyi a keken gasa mai inci 26 yakan kama daga milimita 1,070 zuwa 1,100, a mai inci 20 kuma mita ɗaya ko sama da haka kaɗan. Tun da bayan gajere ne, kusan duk tsawon nan a gaba yake, tsakanin gidan feda da tayar gaba. Dogon gaba yana ba jiki fili. Mai son hawa dutse mai tsawo yakan zo da ɗan gudu ya ƙwanƙwasa tayar gaba a fuskar dutsen domin ta cilla shi sama, ko ya jefa ta can bisa ya maƙale da birki sannan ya jawo ta baya, kuma a duka biyun kowace santimita ta tsawon gaba ƙari ce ga inda zai iya kaiwa. Dogon keke ya fi iya shimfiɗuwa tsakanin duwatsu biyu, taya ɗaya a nan ɗaya a can. Gajere kuwa ya fi saurin juyi, ya fi sauƙin fizgowa sama cikin gudu, kuma ya fi dacewa da gajeren mutum. Yawancin firam ɗin tirayal girma ɗaya ko biyu kawai ake yinsu, dogo da gajere, don haka ragowar daidaitawar ana yinta ne da guntun ƙarfen da ke haɗa kan keke da fok, wanda ake kira sitem. A ƙaramin keke sitem ɗin yakan kai milimita 150 zuwa 180, ya ɗaga da digiri 30 ko sama, domin ya mayar da hannaye inda babban mutum yake buƙatarsu. Kamar yadda tela yake cewa tsawon riga da tsawon hannunta tare ake yanka su, haka tashin gidan feda da tsawon sitem: wanda ya canza firam zuwa mai tashi ya bar tsohon sitem, zai ji keken ya zama baƙo a hannunsa, ya ɗora wa firam laifin da ba nasa ba.

Kusurwar wuya ba ta da nauyi a nan kamar yadda take da shi a keken gangara, don haka ba zan daɗe a kanta ba. A tirayal tana tsakanin digiri 71 da 74, a miƙe idan an kwatanta da kekunan hawan tsauni na zamani da suka kwanta zuwa 65 ko ƙasa. Idan aka ja layi ta cikin wuyan firam har ƙasa, zai sauka gaban inda taya ta taɓa ƙasa, kuma ratar da ke tsakaninsu ita ce take sa taya ta bi hanya da kanta, kamar ƙananan tayoyin gadon asibiti da ke juyowa su bi bayan inda aka tura su. A taya inci 26 da fok mai fitowa gaba milimita 40, ratar tana wajen 68 a digiri 72, ta ragu zuwa 56 a digiri 74. Babbar rata tana da amfani ga mai gudu. Mai tirayal kuwa ya fi son kan da zai juya nan take ba tare da ya kwanta gefe ba, da tayar gaba da ke ƙarƙashin hannunsa domin ya iya ɗora mata nauyi ya juyo da bayan keken a sama.

Waɗannan lambobi a ɗaure suke da juna, kuma mun koyi haka da kuɗinmu. Bayan musanyar nan ta Shere, mun yi niyyar mayar da keken abokin ya kusanci na tirayal. Muka cire sirdi, muka cire giyoyi, muka kuma yanke shawarar cire fok mai shakazoba mu sa sandararre, domin ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya shanye ƙarfin tsalle. Mai gyaran keken da muka kai wa, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya jera tsohon fok da sabon a ƙasa, ya dubi bambancinsu ya ce: "Malam, wannan gajere ne fa. Keken zai durƙusa." Na ce ya ɗaura, a tunanina rage nauyi ya fi komai. Sabon ya gaza tsohon da milimita 70. Da muka auna daga baya, wuyan ya miƙe da fiye da digiri uku, gidan feda kuma ya ƙara sauka da wajen milimita 24, wato mun tura ƙafar yaron daidai inda ba mu so ta je ba. Keken ya yi sauƙi a hannu idan an ɗauke shi, amma ya fi da wuyar tsayawa a tayar baya, feda kuma ta riƙa dukan dutse. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a keke mai irin wannan tsawon, kowace milimita 10 ta tsawon fok tana canza kusurwar wuya da kusan rabin digiri, tana kuma ɗaga ko sauke gidan feda da milimita uku zuwa huɗu. Dattijon ya ga wannan da ido tun kafin in kai ga lissafinsa, kuma na koma na faɗa masa haka.

Wanda ya fara sanin wasan ta intanet, mai yiwuwa ta hannun Danny MacAskill ya san shi, ɗan tsibirin Skye na Skotlan, wanda bidiyonsa na 2009 a titunan Edinbura ya zagaya duniya. Yana da kyau a lura cewa keken da ya hau ba na gasa ba ne. Mai taya inci 24 ne na kamfanin Inspired, yana da ɗan sirdi, gabansa gajere, gidan fedarsa kuma bai tashi sosai ba, domin irin waɗannan kekuna sukan tsaya tsakanin milimita 10 da 35. An yi su ne domin wasan da ke gudana, a zo da gudu, a tsallake, a juya a sama, a wuce, yayin da keken gasa aka yi shi domin a tsaya, a daidaita, a yi tsalle guda mai ƙarfi. Saurayin da ya kalli irin wancan bidiyo ya je ya sayi keken gasa zai ga ba ya yi masa abin da ya gani, wanda kuma yake son hawan dutse daga tsaye ya sayi na titi zai ji nauyinsa a kafaɗa.

Rashin sirdi ma batun awo ne. An sauke saman firam ɗin domin mahayi ya durƙusa har ƙugunsa ya kusa taɓa tayar baya kafin tsalle, ya kuma naɗe ƙafafu ya jawo keken sama zuwa jikinsa a cikin tsallen. Amma firam da aka danne haka ya rasa faɗin kusurwa ukun da ke ba keke ƙarfinsa, don haka ake ƙara masa faci a wuya da kewayen gidan feda. Birkin baya ma aikinsa ya sha bamban: idan mutum ya dira a bakin dutse da tayar baya, tayar takan so komawa baya, birkin yana riƙe ta ne ta fuskar da ba a tsara firam na yau da kullum ya jure ba, kuma daga mazaunin birkin tsagewa takan fara. Saboda wannan ba na goyon bayan a kai firam na alminiyam wurin mai walda a yanke bayansa domin a gajarta shi. Alminiyam irin 6061 yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa a gefen walda sai an sake gasa shi a tanda ta musamman, kuma karyewar firam a kan dutse ba abin da za a gwada da ƙashin yaro ba ne.

Duwatsun Jos suna da nasu hukuncin a cikin wannan magana. Yawancinsu, daga Shere har Riyom, ruwa da rana sun goge su sun zama masu ƙoƙo, babu kaifin baki irin na tubalin siminti da taya za ta kama. A kansu mahayi yana ɓata lokaci mai yawa tayoyinsa biyu suna kan karkataccen wuri, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana neman inda zai tsaya, kuma da damina gansakuka tana mayar da inuwar dutsen santsi. Sarari a ƙarƙashi yana da amfani ƙwarai a nan saboda ƙoƙon, amma natsuwa a kan tayoyi biyu ta fi shi. Ga mai koyo a irin wannan wuri, na fi son keke mai inci 26 ko 24 da tazarar bayansa ba ta wuce 385 ba, gidan fedarsa kuma ya tashi tsakanin 30 da 50, ko mai inci 20 idan mahayin yaro ne ko gajere.

Tun da yawancin abin da ke isowa hannunmu na hannu ne, babu takarda, sau da yawa ma an canza masa fok, tef ɗin awo ne zai faɗi gaskiyar keken. A tsayar da shi a kan daɓen siminti mai daidai, iska daidai a tayoyi, wani ya riƙe shi a miƙe. A auna daga ƙasa zuwa tsakiyar cibiyar baya, daga ƙasa zuwa ta gaba, sannan daga ƙasa zuwa tsakiyar gidan feda, a cire matsakaicin na biyun farko daga na uku. Sai a auna daga gidan feda zuwa cibiyar baya, da kuma daga cibiya zuwa cibiya. Haka muka yi wa wani firam da abokin ya samo bayan wata huɗu yana tara kuɗi, shi yana riƙe da kan keken, ɗan ƙanina yana durƙushe da tef, ni ina rubutawa a bayan ambulan: tazarar baya 385, tashi 35, tsakanin tayoyi 1,075. Mun mayar masa da sitem mai ɗan tsawo domin hannunsa ya samu wuri, kuma a Asabar ta uku ya hau dutsen nan mai kai ƙugu, ko da yake ya ajiye ƙafa sau ɗaya wajen saukowa.